Goɗiyar Kakana da Hawan Dutse na Ƙarshe

Jiya da hantsi na shiga kasuwar Arba wa Nus neman kuka da daddawa wajen matan Sudan ɗin nan, sai wani mai kankana ya zo ya tsayar da keken dokinsa daf da ni. Ban ma kalli dokin ba. Warinsa ne ya fara iso ni, warin gumin doki da ya jiƙa tsohuwar fata, haɗe da na ɗanyar ciyawar da aka rataya masa a wuya. Wallahi sai na tsaya cak a tsakiyar hanya da leda a hannu. Wani mai mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, yana ta danna oda, ya leƙo da kai yana "Yalla ya madam, yalla!" Ni kuwa ba na Alƙahira sam. Ina can bayan kakana a kan goɗiya, na rungume ƙugunsa, hancina a cikin rigarsa.

Bari in ba ka labarin daga tushe, don in ban faɗa wa wani ba yau, ba zan iya cin abinci ba. A wani ƙauye aka haife ni, a gindin duwatsu. Ina rarrafe mahaifina ya samu tafiya karatu Masar, daga baya mahaifiyata ta bi shi, aka bar ni hannun kakannina. Kakana ba basarake ba ne, ba kuma attajiri ba. Kiwon dawaki ya gada, shi ya iya, shi yake so. Yana renon su, ya hore su, ya sayar da wanda zai sayar, ya riƙe wanda ransa ya kwanta da shi. Ni yake ce wa "Uwargida", irin wasan jika da kaka, ni kuma in ce masa "Tsoho". In ya ce tuwona bai dahu ba, in ce ai haƙoransa ne suka ƙare.

Duk shekara idan bazara ta kankama, harawa ta ƙare a rumbu, rijiyoyi suka ja baya, sai a kwance dawakin daga turke a hau da su dutse. Can sama akwai wani kwari a tsakanin duwatsu, da idon ruwa a ƙarƙashin wani gamji, ciyawa kore shar a lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas. A nan ake yada zango har sai ruwan farko ya sauka. Kaka ne ke gaba, sai Baffa, ƙanin mahaifina, sai masu taya su kiwo. Mace ba ta zuwa. Amma ni na je, kuma ba sau ɗaya ba, mata suka yi ta surutu a bakin rijiya cewa tsohon nan zai lalata yarinya, zai mai da ita namiji. Ba su san dalili ba. Ni kaɗai na sani.

Wata rana ce na kai masa fura a barga, na miƙa masa ƙwaryar, sai ya miƙo hannu ya kama iska a gefenta. Na yi dariya, na ɗauka wasa ne. Ya sake miƙowa ya sake kuskurewa. Sai dariyar ta maƙale mini. Ya laluba ya kama hannuna, ya zaunar da ni, ya ce, "Uwargida, abin da kika gani ki haɗiye shi. Ko kakarki kada ta ji." Idonsa garau yake in ka kalla, babu fari, babu kwantsa. Amma ganin yana tsukewa ne daga gefe, har ya zamana haske da duhu kawai yake rarrabewa.

Ka san abin da yake tsoro? Baffa ya daɗe yana cewa dawakin nan wahala ce kawai, a sayar a sayi injin niƙa da babur, zamani ya wuce wurin. Ba mugu ba ne Baffa, Allah ya sani, shi ke yankan ciyawa, shi ke kwasar kashi, bayansa ya gaji. Abin da ya hana shi kawai shi ne Kaka yana tsaye da ƙafarsa, yana hawa, yana jan gaba. Ranar da aka ce tsoho ya makance, ranar magana ta ƙare.

To, ga yadda muka yi. Akwai wata tsohuwar goɗiya, bidi, wato fara mai dabbare-dabbare, mai sanyin hali, wadda ta hau dutsen nan tun tana 'yar dukusa a bayan uwarta. Ta san kowane lungu. Kaka ya koma hawanta, ya goya ni a baya. Ya sakar mata linzami, ita ke zaɓen inda za ta taka. In reshe ya tokaro, ko wani ya taho da za a gaisa da shi, sai in ɗan mintsine shi a dama ko a hagu, in raɗa masa suna. A zango kuwa, ni ce a gaba kullum, ina zuba surutu ba ƙaƙƙautawa, shi yana biye da muryata, zuwa ruwa, zuwa wajen dawaki, zuwa bukka. Baffa ya sha ce mini, "Ke bakinki ba ya ciwo ne?" Har yau maigidana yana cewa na cika magana. A can na koya.

Sai dai fa a garinmu namiji mai mutunci ba ya hawa goɗiya. Kada ka tambaye ni dalili, ni ma na tambaya har na gaji. Goɗiya ta haihuwa ce da ɗaukar kaya, sai ko yara masu koyon hawa. Dattijo ingarma yake hawa. Kaka ya ce ciwon baya ne ya sa, ingarma yana girgiza shi. Abokan wasansa suka samu abin yi, suka yi ta tsokanarsa a bakin masallaci, ya shanye. Da yake abin a gida ne, mu ya mu, sai aka saba.

Allah sarki, zaman zangon nan! Ban ƙara samun irinsa ba. Da isarmu a sare rassa a kafa bukkoki, a shimfiɗa tabarmi, a rataye sirada a jikin gamji saboda gara. A sa wa dawaki dabaibayi a ƙafafun gaba a sake su cikin ciyawa, ka ji suna gurza ta, gurus gurus, kamar ba za su ƙoshi ba. Da yamma a jiƙa musu kanwa, a hura wuta a zuba ɗanyen ganye don hayaƙin ya kori ƙudan doki. Abincinmu dambu ne da ƙuli-ƙuli, sai zuma in an dace, sai kanya da ɗinya da nake tsinkowa har bakina ya yi baƙi. Birai suna zaune a kan duwatsu suna kallonmu, ka juya baya su sure maka tulun gari. Da asuba sanyi ya ratsa ka har ƙashi alhali a ƙasa mutane suna kwana a waje don zafi. Kaka yakan bi dawakin ɗaya bayan ɗaya yana shafa su tun daga wuya har kofato, yana cire musu kaska, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. A nan ba ya bukatata. Nakan zauna a kan dutse in huta da surutu.

Shekarar da na cika goma mahaifina ya zo ganin gida, karo na farko da na san fuskarsa da wayona. Ya zo da abokinsa, wani Balarabe ɗan Masar, mai fara'a, wanda ba ya jin Hausa ko ta sannu. Ana ce masa Ustaz. Da ya ji za a hau dutse da dawaki sai ya ce shi fa sai ya je, a ƙauyensu ma suna da dawaki. Gida ya ɗauki murna. Ni kuwa ban ga abin damuwa ba, sai da gari ya waye ranar tafiya.

Na fito na tarar Baffa ya riga ya gama shiri. Ya ɗaura sirdin Kaka a kan wani matashin ingarma, akawali, baƙi wuluk, wanda bai taɓa hawa dutsen ba. Ya shimfiɗa masa jalala mai kyau, ƙyallen adon sirdi. Goɗiyar kuwa an lafta mata taikuna da tukwane. Kaka ya biyo muryata ya zo, ya ɗora hannu a wuyan dokin, sai na ga hannun ya tsaya.

Ya ce, "Ina goɗiyata?"

Baffa ya rage murya. "Haba Baba, a gaban baƙo? Ya koma ƙasarsu ya ce uban abokinsa goɗiya yake hawa?"

Mahaifina ma ya matso ya durƙusa. "A daure na wannan karon, Baba. Za mu tafi a hankali saboda bayan."

Don girmamawa suka yi, ka gane. Ba wanda ya nufe shi da sharri. Kaka ya juya fuska wajen da nake. Na jira ya ce a'a. Ai kuwa sai ya laluba likkafa ya haye. Ni kuma aka ɗauke ni aka ɗora a kan kayan goɗiya, a can ƙarshen layi, don ba a goya 'ya mace a bayan ingarma a gaban baƙo.

Ranar farko Allah ya rufa asiri. Hanyar tana da faɗi, Kaka ya sa mahaifina ya jera da shi wai don su yi hira, ingarman ya bi ɗan'uwansa. Muka sauka a ƙaramin zango kafin magariba. Na ɗauki buta na kai masa bayan wani dutse, ina zuba masa ruwan alwala.

Na ce, "Tsoho, ka faɗa musu mana. Gobe Falale ne fa."

Ya ce, "In na faɗa, Uwargida, buzu za su shimfiɗa mini a zaure su miƙa mini carbi. Kafin damina ta faɗi Baffanki ya kora dawakin nan kasuwa. Gobe ce kaɗai. In mun haye, shi ke nan."

Falale wani shimfiɗaɗɗen dutse ne mai santsi da ake ratsawa kafin a faɗa kwarin. Gefensa na hagu rami ne mai zurfi, a tsakiyarsa kuma akwai tsaga, wadda ciyawa ta rufe bakinta. Ba a jerawa, ɗaya bayan ɗaya ake bi, kuma babba ne ke fara wucewa, haka aka saba tun kakanni. Da muka iso da hantsi kowa ya ja linzami ya ba Kaka hanya. Goɗiyar da nake kai ta fara fizgar igiya tana haniniya, tana son ta wuce gaba inda ta saba, mai riƙe da ita yana dukan hancinta.

Kaka ya shiga Falale zaune daram, kai ka ce yana gani. Ya saki linzami kamar yadda ya saba sakar wa goɗiya. Shi kuwa ingarman yaro ne, jira yake a nuna masa. Na ga ya karkata ya nufi tsagar. Na miƙe a kan taiki na ƙwala ihu, "Dama, Tsoho! Dama!" Ina! Iska tana kaɗawa, ni ina can baya. Ƙafar dokin ta gaba ta zurma, muka ji ƙas, kamar an karya busasshen itace. Kaka ya wuntsila ta kan wuyansa ya faɗi a kan dutsen.

Aka yi salati aka ruga. Ikon Allah, ban da ƙujewa a goshi da gwiwar hannu babu abin da ya same shi. Amma dokin ya fizgo ƙafar tana lilo, ƙashi a waje, ya kwanta yana wani irin nishi da ban so in ƙara ji. Kowa ya san abin da ya rage. Baffa ya zaro wuƙa, sai Kaka ya ce, "Ba ni. A hannuna aka haife shi." Aka ba shi. Ya miƙe, ya gyara riga, ya taka. Dokin yana damansa, taku kaɗan. Iska ta ɗauke nishin, duwatsu suna mayar da shi ta ko'ina. Kaka ya nufi hagu, kai tsaye wajen ramin, da wuƙa a hannu.

Mahaifina ne ya cafke shi a bakin ramin. Ya juyo da shi, ya dube shi, ya ɗaga hannu ya kaɗa a gaban fuskarsa. Ido bai ƙifta ba.

"Baba, tun yaushe?"

Kaka ya zame daga riƙonsa. Cewa ya yi, "Uwargida, zo ki kai ni wajen dokina." Na sauko na kama hannunsa a gaban kowa, ba surutu, ba dabara, na kai shi na ɗora hannun a wuyan akawali. Ya shafa shi, ya yi masa magana a kunne, ya yi abin da zai yi. Baffa ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula yana kuka kamar ƙaramin yaro. Kaka bai ƙarasa kwarin ba a shekarar. Masu kiwo suka wuce da sauran dawakin, mu muka juyo. A kan goɗiya ya sauko, ina bayansa.

Mahaifina ya rantse sai ya kai shi Masar an duba idon. Aka yi ta faɗi-tashin takardu, daga ƙarshe muka taho tare, ni da Kaka, muka sauka a wani gidan bene a unguwar Madinat Nasr ta Alƙahira, hawa na biyar. Likita ya haska, ya sake haskawa, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ma'alish ya hajj," wato sai haƙuri, Alhaji. Ciwon ya riga ya cinye jijiyar, da an zo da wuri ne. Dawakin kuwa, yadda Kaka ya faɗa haka aka yi. Shi da kansa ya tambayi mahaifina, ya ce kada a ɓoye masa. Aka ce an sayar. Ya ce har da goɗiyar? Aka ce har da ita. Ya ce Allah ya sa ta faɗa hannu nagari, ya juya ya fuskanci bango.

Ana nan sai Ustaz ya zo gaishe shi da kwalin kayan zaƙi. Suna hira, mahaifina yana fassarawa. Ustaz ya ce har yanzu yana tuna goɗiyar nan bidi, bai ga dabba mai hankalinta ba. Ya ce abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai, ya ji nauyin tambaya a lokacin: me ya sa aka ɗora mata tukwane? Ya ci gaba da magana, sai mahaifina ya daina fassarawa, ya sunkuyar da kai.

Kaka ya ce, "Ƙarasa mana. Me ya ce?"

Da ƙyar mahaifina ya ce, "Wai a wajensu goɗiya ita ce abin alfahari. Maigida ita yake hawa, kuma ba a sayar da ita."

Shekarun mahaifina nawa a ƙasar, tsakanin aji da ɗakin kwana, bai taɓa sani ba. Kaka ya yi dariya. Ya yi ta dariya har da buga cinya, Ustaz ma ya taya shi bai san ta mece ce ba. Ni da na san dariyarsa na san wannan ba ita ba ce. Ya share ido da bakin riga ya ce, "Ashe kunyar banza muka ji." Na tashi na shige kicin, don na ji haushin kowa a ranar, har da shi.

An so a mai da shi gida, ya ce ya je ya tarar da turaku babu komai? A bari tukuna. Sanyin Alƙahira ya shigo, ya kama masa ƙirji. Wata rana da la'asar ya ce in hau da shi rufin bene ya sha iska. Muka hau a hankali, muka tsaya a tsakanin igiyoyin shanya da tankunan ruwa, ƙarar motoci tana tasowa daga ƙasa.

Ya ce, "Uwargida, akwai dutse a garin nan?"

Na ce akwai, ga shi can ana hangowa, Muƙaɗɗam ake ce masa. Sai na ga fuskarsa ta ɗan washe. Ya ce in juya shi ya fuskance shi, na juya shi.

"Da ciyawa a kansa?"

Na duba da kyau, ko zan ga ɗan kore in faɗa masa. Na ce, "Babu, Tsoho. Farar ƙasa ce, sai gidaje."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "To, mai da ni ciki."

Bai ƙara fita ba. Kafin sanyin ya wuce ya rasu, aka binne shi a wata maƙabarta a gindin dutsen nan.

Ga ni yau na haura shekarun da mahaifina yake da su a lokacin. A nan na yi karatu, a nan na yi aure, 'ya'yana Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu. In na ba su labarin zango sai su tambaye ni ko akwai wutar lantarki a can. Ƙauyenmu babu doki ko ɗaya yanzu, injin niƙan ma ya mutu tuntuni. Dutsen kuwa ba mai hawa, an ce masu bindiga ne suka yada zango a ƙarƙashin gamjin, ko itace ba a zuwa yi. Baffa ya tsufa, shi ma idonsa ya fara, in mun yi waya ba ya taɓa ambaton doki, ni ma ba na ambata. Na daina jin haushinsa. Abin da ban daina ba shi ne kewar tsohon nan, tana nan ɗanya shar.

Nakan je ziyara wajensa kafin azumi da bayan salla. Nakan tafi da ruwa a gora in zuba a kan kabarin, yadda mutanen nan suke yi wa nasu. Wata shekara har irin ciyawa na saya a kasuwa na barbaɗa, mai gadin maƙabartar yana kallona yana girgiza kai. Shekara da shekaru ina zubawa. Ko tsinke ɗaya bai tsiro ba.